Awon girman ɗan tayi: yaushe ƙanƙanta ke nufin haɗari ga jariri?

Zauren ma'aikatan lafiyar uwa da jariri na jihar Maradi

Majo, CSI na karkara:
Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Ni ne majo, wato shugaban CSI, ƙaramar cibiyar lafiya. Mace ta zo awo, ta ce cikinta wata takwas, an sa metir an auna tsawon mahaifa an samu santimita 26. Tansiyo, wato awon hawan jini, daidai, zuciyar ɗa tana bugawa 140, yana motsi. Babu eko, wato hoton ciki na na'ura, a karnenta na awo. Asibitin gunduma da nisa, kuɗin mota kuma a wuyan mijinta yake. A tura ta, ko a ce ta dawo? Sannan cikin duk awon da muke yi, wanne ne da gaske yake nuna jaririn da zai zo da matsala ko wanda za a iya rasawa?

Hajiya, babbar ungozoma:
Wa alaikumus salam Majo. Kafin maganar turawa, a tabbatar 26 ɗin gaskiya ce. Ta fara zuwa ta yi fitsari, don cikakkiyar mafitsara tana ɗaga mahaifa ta ƙara santimita 2 ko 3. Ta kwanta rigingine, a ɗan ɗaga kanta, ƙafafu a miƙe, ciki a sake ba lokacin da ya ɗaure ba. Ka sa gefen hannunka daga ƙasan ƙashin ƙirji, ka riƙa saukowa a hankali har ka ji inda laushi ya ƙare, tauri ya fara. Nan ne kan mahaifa. Ka kife metir ɗin yadda lambobin za su kalli fata, ka ja daga nan zuwa bakin ƙashin mara na sama, kana bin tsawon mahaifar ko da ta karkata gefe. Sai ka juya metir ka karanta. Dalilin kifewar shi ne ido yana neman lambar da zuciya take so.

Bayan nan a laluba kwanciyar ɗa. Wanda ya gitta yana rage tsawo. Wanda kansa ya shiga ƙugu ma haka. A tambaye ta ko ruwa na ɗiga mata, don akwai matan da faya ke tsiyaya musu kwanaki suna zaton fitsari ne.

Malama, ungozoma mai karatun Katsina:
Hajiya, wata takwas ai sati 34 zuwa 36 ke nan. Ƙa'idar da muka sani: daga sati 24, santimita daidai take da sati, a ƙara 2 ko a rage 2. Ke nan ta gaza da wajen santimita 8. Wannan turawa ce ba jira.

Hajiya, babbar ungozoma:
Ɗiyata, a makarantunmu na nan ba haka ake lissafi ba. Wata huɗu santimita 16, biyar 20, shida 24, bakwai 28, takwas 30, tara 32 zuwa 34. In da sati ne, a cire 4 daga sati har zuwa sati 32. A wannan lissafin da 4 ta gaza.

Likitan mata:
Duka ƙa'idojin biyu ana koyar da su, ɗaya ta littattafan Faransa, ɗaya ta Ingila, mu kuma muna kan iyaka, karne ɗaya yakan bi ta hannun masu karatun nan da na can. Ku duba: santimita 26 a sati 30 lafiya lau ce a lissafin Hajiya, a na Malama kuwa ta gaza da 4. Jadawalin ƙasa da ƙasa na tsawon mahaifa mai suna INTERGROWTH-21st, wanda ya fito a 2016, ya fi kusa da na Malama, sai dai yana ja baya kaɗan a ƙarshen ciki. Shawarata kowace cibiya ta zaɓi jadawali ɗaya ta manna a bango, kowa ya bi shi, a riƙa rubuta lamba tare da sati da kwanan wata.

Majo, amsarka: a tura ta. Ta kowane lissafi ta gaza da fiye da santimita 3. Kuma ko lamba tana cikin iyaka, idan awo biyu da ke da tazarar sati biyu ko uku suka ba da lamba ɗaya, a tura. Tsayawar girma ta fi ƙanƙanta ban tsoro.

Amma tushen matsalar yana cikin kalmar "ta ce". Ba a cewa ɗa ya yi ƙarami sai an san kwanakinsa. Matanmu da yawa suna ɗaukar ciki suna shayarwa, ba su ga jini ba tun haihuwar baya. Ƴar fari kuma kunya takan hana ta zuwa sai ciki ya fito. A zauna da ita a bi kalandar da ta sani: ta yi azumin bana duka ko ta sha wasu kwanaki don al'ada? Da babbar sallah fa? Lokacin shuka, noman farko, ko yankan gero? Yaushe ta fara jin motsi? Mai cikin fari takan ji wajen sati 18 zuwa 20, wadda ta saba haihuwa wajen 16 zuwa 18. A tuna kuma kwana 280 a lissafin ganin wata kusan wata tara da rabi ne.

Hajiya, babbar ungozoma:
A ƙara da maganar "ciki ya kwanta". Idan dangi suka ce cikin ya kwanta, ba ya girma, kada a bar ta ta koma gida da wannan bayanin. Ko lissafi ne ya ɓace, ko ɗan ya daina girma, ko ya rasu a ciki. Biyu daga cikin ukun nan ba sa jira.

Likita mai eko:
Ina so in ja kunnenmu kan kuskuren da ya fi kowanne yawa a takardun eko. Na'ura ba ta san ranar da aka ɗauki ciki ba. Girman ɗa take aunawa, ta ce wannan girman na ɗan sati kaza ne. To idan ɗan sati 36 ne da ya rame, za ta rubuta sati 31 ko 32, mai eko ya ba da sabuwar ranar haihuwa, kowa ya kwantar da hankalinsa. Matsalar ta ɓace a takarda, ɗan kuma yana can yana wahala. Eko na ƙasa da sati 14, inda ake auna tsawon ɗa daga kai zuwa gindi, kuskurensa kwana 5 zuwa 7 ne. Tsakanin sati 14 da 22 kwana 7 zuwa 10. Bayan sati 28 kuskuren ya kai sati uku gaba ko baya. Shi ya sa a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowace mai ciki eko ɗaya kafin sati 24. Ranar da eko na farko ya tsayar ba a canza ta da na baya.

Abin da muke aunawa huɗu ne: faɗin kai da zagayensa, BIP da PC a takarda, zagayen ciki wato PA, da tsawon ƙashin cinya wato LF. Daga su na'ura take fitar da ƙiyasin nauyi, EPF, yawanci da lissafin Hadlock na 1985. Cikin huɗun PA ne ya fi faɗin gaskiya. Idan mabiyiya ta kasa ciyar da ɗa, yana karkatar da jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, hanta ta cinye ajiyarta ta motse, kitse ya zube. Sai ka ga kai da cinya sun kusa daidai, ciki ya ja baya.

PA ɗin kuma shi ya fi saurin lalacewa a hannu. Hoton ya zama zagaye, ba mai siffar ƙwai ba. A ga tumbi baƙi a gefe, a ga ɗan guntun jijiyar cibiya a cikin hanta, haƙarƙari ɗaya cikakke a kowane gefe, kada a ga ƙoda. In ƙoda ta fito ka yi ƙasa da yawa. In ka danna na'urar da ƙarfi ka matse cikin. Alamar awo ta bi bayan fata. Ko an yi komai daidai, EPF yana kuskure da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari: in an rubuta giram 2000, gaskiyar tana iya zama 1700 ko 2300. Ɗa kuma wajen giram 200 yake ƙarawa a sati a watannin ƙarshe. Ke nan maimaita eko bayan sati ɗaya asarar kuɗin mutane ce. A bar sati biyu aƙalla, uku ya fi.

Majo, CSI na karkara:
Likita, "ƙasa da santil 10" da muke gani a takarda fa?

Likita mai eko:
Ka jera ƴan tayi 100 masu sati ɗaya daga ƙarami zuwa babba. Goman farko su ne ƙasa da santil 10, ukun farko ƙasa da santil 3. Da yawa cikin goman lafiyarsu ƙalau, haka Allah ya yi su. Akwai geron da irinsa ne gajere, akwai wanda fari ya tsayar. Masana sun haɗu a 2016 kan yadda za a rarrabe: ƙasa da santil 3 shi kaɗai ya isa a ce girma ya tauye. Tsakanin 3 da 10 sai an samu ƙarin shaida, kamar gudun jini mara kyau a Doppler, wato ekon da ke duba tafiyar jini, ko faɗuwa daga layin da ɗan yake bi. Binciken Cambridge na 2015 a kan mata masu cikin fari kusan 4000 ya nuna haka: ƙananan da girman PA ɗinsu ya yi sanyi sun kusa ninka sauran jarirai sau huɗu wajen rashin lafiya bayan haihuwa, ƙananan da PA ɗinsu ke tafiya daidai kuwa ba a ga ƙarin haɗari gare su ba.

Malam, jami'in lafiyar al'umma:
Ku gafarce ni likitoci, amma a sa wannan a ma'auni. An yi babban gwaji a Kwango, Zambiya, Kenya, Pakistan da Guatemala, sakamakon ya fito a 2018. An kai eko cibiyoyin karkara, an horar da ma'aikata, an yi wa mata eko sau biyu. Mutuwar uwa, haihuwar ɗa ba rai, da mutuwar jarirai duk ba su ragu ba. Ina tsoron mu sa talaka ya sayar da akuyarsa don takardar da ba za ta canza komai ba.

Likitan mata:
Gaskiyarka Malam, awo ba magani ba ne, sai in akwai abin da zai biyo bayansa: mota, ɗakin fiɗa, jini, ɗakin jarirai. Amma ga ɗaya gefen. A Ingila, a binciken 2013 kan haihuwa sama da 92,000, cikin kowane 1000 an haifi 2.4 ba rai inda girma yake daidai, 9.7 inda girma ya tauye kuma an gano, 19.8 inda ya tauye ba a gano ba. Ganowar ta rage asarar da rabi don a can akwai abin yi. Namu aikin shi ne mu zaɓi wadda za a tura da kyau, kuma in ta iso a yi mata abin da ya kamata.

Ga abin da ake dubawa in ta iso. Tansiyo da furotin a fitsari, domin 140/90 tare da ƙaramin ɗa alama ce ta ciwon da ke kai wa ga jijjiga, kuma tushensu ɗaya, mabiyiya. Yawan ruwa: in aljihun ruwa mafi zurfi bai kai santimita 2 ba, ɗan ya rage fitsari don jini ya ragu a ƙodarsa. Sai Doppler na jijiyar cibiya. A lafiyayyen ciki jini yana ci gaba da tafiya zuwa mabiyiya ko a tsakanin bugun zuciya. In mabiyiya ta toshe, wannan tafiyar tana raguwa, sai ta tsaya, daga baya ta koma da baya. Wanda ta koma da baya ana ciro shi daga sati 30 zuwa 32, wanda ta tsaya daga 32 zuwa 34, duka yawanci ta fiɗa. Ƙasa da santil 3 da Doppler mai kyau, wajen sati 37. Tsakanin santil 3 da 10 da komai lafiya, 38 zuwa 39. Raguwar motsi kuma a ranar ake dubawa, ba gobe ba.

Likitar yara:
Yaya Likita, waɗannan satuttukan an tsara su ne inda kowane bakwaini ke da kwalba, oksijin da ma'aikaciyar da ke kansa dare da rana. Kafin a ciro ɗan sati 31 a nan, a kira ɗakin jarirai a ji ko akwai gado, kuma a kai uwar da ɗanta a ciki zuwa inda za a kula da shi, kamar asibitin uwa da yaro na Maradi. Ɗauko jariri ɗan kilo ɗaya da ɗoriya a kan hanya shi ne ke kashe shi da sanyi.

Ga abin da ya sa nake jin tsoro. Nazarin 2013 da ya haɗa bayanan ƙasashe masu tasowa ya auna mutuwa a watan farko, idan aka kwatanta da cikakken jariri mai daidai nauyi. Cikakke amma ƙarami: wajen ninki biyu da rabi. Bakwaini mai daidai nauyin satinsa: ninki 8. Bakwaini kuma ƙarami: ninki 15. Don haka in aka ɗauki ɗan sati 32 mai lafiya a matsayin ɗan sati 37 da ya rame, aka tayar da naƙuda, da hannunmu muka jefa shi cikin haɗari. Inda kwanaki ba su tabbata ba, Doppler da ruwa da tansiyo suna da kyau, ɗa yana motsi, a jira a sake awo bayan sati biyu zuwa uku.

Allurar ƙarfafa huhu ma haka. Dexamethasone miligiram 6 a tsoka kowace awa 12, sau huɗu, tsakanin sati 24 da 34. A gwajin da aka wallafa a 2015, inda aka bar ƙananan cibiyoyi suna ba da ita ba tare da tabbacin kwanaki ba, mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi, ciwon ƙwayar cuta ga iyaye ma ya ƙaru. A na 2020, wanda Najeriya tana ciki, an tabbatar da kwanaki da eko a manyan asibitoci, mutuwa ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Kada a yi ta a CSI bisa lambar metir.

Likitan mata:
Na yarda ƙanwata. In ƙara: a naƙuda irin wannan ɗan ba shi da ajiyar da zai jure matsi. A saurari zuciyarsa kowane minti 15 zuwa 30, a lokacin nishi kowane minti 5, nan take bayan ciki ya saki. Ƙasa da 110, sama da 160, ko ruwa kore mai kauri, a sanar da likita. A yi hattara da oksitosin, allurar ƙara naƙuda.

Malama, mai kula da abinci mai gina jiki:
Kar mu manta da abin da ke hannun Majo tun kafin a kai ga eko. A nan manyan masu tauye girma su ne palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, yunwar damina, cikin yarinya ƙarama, da kwanika. Ƙwayar palu tana maƙalewa a mabiyiya, mace tana yawo ba masassara, gwajin jinin yatsa ma wani lokaci bai nuna ba, mai cikin fari kuma ta fi kamuwa. Matan da watanninsu na tsakiya da na ƙarshe suka faɗa Agusta zuwa Oktoba su ne za a fi sa wa ido. SP, maganin rigakafin palu, ƙwaya uku a sha a gaban ma'aikaci, daga sati 13, tazarar wata guda, aƙalla sau uku, har zuwa haihuwa. Ba a haɗa shi da maganin kotrimoksazol. Gidan sauro kowane dare. Ƙwayar ƙarin jini kullum. A awon yawan jini, ƙasa da giram 11 ƙaranci ne, ƙasa da 7 turawa ce. A yi gwajin tunjere tun awon farko. A auna dantse: ƙasa da santimita 23 tana bukatar ƙarin abinci mai ƙarfi da gina jiki, wake, gyaɗa, nono, ƙwai, zogale. Wadda ta taɓa jijjiga ko hawan jini a ciki, likita ya fara mata aspirin ƙarami kafin sati 20.

A jihar nan tamu aka yi gwajin da aka wallafa a 2007, inda matan da suka sha ƙwaya mai sinadarai da yawa suka haifi jariran da suka ɗara na masu shan ƙwayar ƙarin jini kaɗai da giram 67 a matsakaici. Sai dai in girma ya riga ya tauye saboda mabiyiya, ba abinci ko kwanciya ko ƙarin ruwa a jijiya da zai dawo da shi.

Majo, CSI na karkara:
Wasu za su ƙi tafiya, su haihu a wurinmu. Me za mu tanada?

Likitar yara:
Ka gane irin jaririn tukuna. Wanda ya rame a ciki kansa yana da girma a kan jikinsa, fatar cinya da ɗuwawu ta yi tamoji, cibiya siririya, wani lokaci kore ya rina ta, idonsa a buɗe kamar yana neman abu. Amma tafin ƙafarsa cike da zane, kunnensa in ka lanƙwasa yana komawa. Bakwaini kuwa fatarsa ja ce mai sheƙi, tafin ƙafa sumul, kunne laushi. Kuma kada giram 2500 ya ruɗe ku: a sati 40 iyakar santil 10 tana wajen giram 2800 zuwa 2900, ke nan ɗan 2600 ƙarami ne.

Abu uku ke ɗauke su a kwanakin farko: rashin numfashi, sanyi, faɗuwar sukari. Jakar hura iska da ƙaramin murfi su kasance a shirye kafin kai ya fito. A goge shi, a cire jiƙaƙƙen zane, a ɗora shi tsirara a ƙirjin uwa, hula a kai, a rufe su tare. Ba wanka sai bayan awa 24 aƙalla. Zafin jiki 36.5 zuwa 37.5. Da hunturu a rufe tagogi. Nono cikin awar farko, dakashi kada a zubar, sannan kowace awa 2 zuwa 3 ko bai yi kuka ba, a tashe shi. In ba ya iya tsotsa, a tatsa a ba shi a ƙaramin kofi: ranar farko mililita 60 a kowane kilo, wato ɗan giram 1800 zai sha 108 a yini da kwana, 9 kowace awa biyu. A ƙara wajen 20 a kowane kilo kullum har a kai 150 zuwa 180. In akwai na'urar sukari, ƙasa da 2.6 mmol/L, wato 0.47 g/L, ya faɗi. Rawar hannu, yawan barci, ƙin nono alamunsa ne. Mai jijjiga ko wanda ya sume, ruwan sukari na kashi 10, mililita 2 a kowane kilo a jijiya, sannan a tura.

Goyon ƙirji irin na kangaru a fara shi nan take, awa 8 zuwa 24 a rana, kaka ko uba su karɓi uwa. Gwajin 2021 da aka yi a Gana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya ya nuna farawa nan take ya rage mutuwa da kashi 25 ga jarirai masu giram 1000 zuwa 1799. Ƙasa da giram 1500, numfashi sama da 60 a minti, nishi, ciwon shawara a ranar farko, ko sanyin da ya ƙi tashi: a tura, a ƙirjin uwarsa.

Hajiya, babbar ungozoma:
Duk lissafin nan a kan sikeli yake tsaye, Majo. A auna jariri tsirara cikin awannin farko, a shimfiɗa zane mai ɗumi a mayar da allura sifili kafin a ɗora shi. A rubuta abin da aka gani, 2430 ko 2470, a daina cika shi zuwa 2500, don wannan cikawar tana fitar da yaro daga layin masu bukatar kulawa. Kowane sati a gwada sikelin da abin da aka san nauyinsa. In ya lalace, metir a ƙirji daidai kan nono: ƙasa da santimita 30 a ɗauke shi ƙarami. Kafin sallama a ga yana tsotsa, jikinsa da ɗumi, uwa ta ɗaura goyon ƙirji da kanta a gabanka. Su dawo rana ta uku da ta bakwai, kuma a faɗa wa kaka tun yanzu cewa ko ranar suna a ƙirji zai wuni.